Sunan 'Yar Fari

Ranar kasuwar Tanut rumfar wifi ta Tabawa ta cika maƙil, dillalan raƙuma da 'yan gero kowa ya duƙufa kan wayarsa. Masu ɗaura na'urar daga Damagaram sun saka mata manhaja mai basira. Ita ke raba rezo, wato intanet, ta ƙara wa wannan, ta rage wa wancan, wanda ya cika haɗama ta datse shi. Tana jin Hausa sarai, amma muryar Tabawa kaɗai take bi.

To, duk taron nan manhajar ba ta ga wanda za ta datse ba sai Zuhaira, 'yar farin Tabawa, da ke tura takardun neman shiga makarantar ungozoma. Ƙarfe sha biyu za a rufe karɓa, ga shi saura minti goma.

"Inna, abin nan ya kore ni! Ki ce ya maido ni."

Tabawa ta kai waya bakinta. "Ke, buɗe wa yarinyar nan."

"Wace yarinya?" in ji manhajar. "Faɗi sunanta."

Tirƙashi! Shekara ashirin da biyu Tabawa ba ta taɓa kama sunan 'yar farinta ba. Kunya ce, haka ta taras a gidansu.

"Ta wajena mana. Babbar."

"Babbar waya ta Sahabi ce. Na ƙara masa rezo."

Sahabi dillali ya hau godiya, bai san hawa ba bai san sauka ba.

"Kai, wa ya aike ki! Mai sunan gwaggo nake nufi."

"Babu Gwaggo cikin masu waya a nan."

Zuhaira ta fizge wayar ta faɗi sunanta har sau uku. Manhajar ta ce wannan ba muryar mai rumfa ba ce.

Kan Tabawa ya ɗaure tamau. Wace irin halitta ce wannan, ta san Hausa ba ta san kunya ba? Ta dubi mutane, ta dubi 'yarta da hawaye ya cika wa ido. Saura minti biyu. Ta motsa leɓe a hankali.

"Ban ji ba. Maimaita."

Tabawa ta runtse ido. "Zuhaira!"

"Na'am, Inna," yarinyar ta amsa, tun kafin ta san ta amsa.

Rumfa ta yi tsit. Rezo ya dawo, takardu suka tafi, Zuhaira ko duba wayar ba ta yi ba. Uwarta take kallo.

"Inna," ta ce, "don Allah sake faɗi."