Wanda Ya Taɓa Hantar Gambo

Ni Magaji wanzami, duk Anka an san ba ni da saurin yarda da mutum. Shekara ashirin da biyar ina riƙe da kawunan mutane ina jin abin da suke faɗa a kan 'yan'uwansu, dole in zama haka. Shi ya sa da cikin ƙanena Gambo ya fara kumbura a daminar 1984, ban yi wata-wata ba na ce sammu aka yi masa.

Kuma na san wanda ya yi. Hammadu ne, Bafulatanin da rugarsa ke bayan gonarmu ta hanyar Bukkuyum. Shekara guda kafin nan shanunsa suka shiga geron Gambo, aka yi cacar baki har gaban mai unguwa. Bayan mako biyu sai ga shi da ƙwaryar nono, wai sulhu. Na hana Gambo sha. Ya yi dariya, ya shanye tas har da lasar ludayi. Gambo ke nan, ko kura ta yi masa murmushi sai ya ce mutuniyar kirki ce.

Muka yi jiƙo, muka yi rubutun sha, ni kuma na kafa masa ƙaho sau uku. Ciki sai ƙaruwa yake, wuya na ramewa, ga wani abu mai tauri ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Inna ta matsa, na ɗauke shi a mota zuwa asibiti a Gusau. Na je ne don likita ya ce guba ce, in dawo in kai Hammadu gaban alƙali.

Bayan kwana huɗu likitan ya kira ni gefe. Wani siriri ne mai tabarau, shi ma ban yarda da shi ba.

"Ba guba ba ce, Malam," in ji shi. "Ya taɓa yin ciwon shawara?"

"Awo, yana ƙarami. Amma ta warke tuni."

"Idon ne ya washe, cutar ba ta fita ba. Ta zauna a hanta tana kumbura ta. Hanta ta yi miki ta warke, ta sake yi ta warke, shekara da shekaru, har ta ƙandare da tabo. A kan tabon nan ciwon daji ya tsiro. Ba na jin zai ga kaka."

"To wa yas sa mai ita?" na tambaya, don ni mutum nake nema.

"Ta jini take shiga. Wani daga uwa, wani allura, wani askar da aka yanka mai ita ba a dafa ba." Ya dubi zabirar da ke rataye a kafaɗata, jakar da nake zuba asake da ƙaho. Na ji haushinsa ƙwarai.

A motar komawa abin ya dawo mini. Shekarar da Baba ya fara miƙa mini aska, yara bakwai na yi wa kaciya a safiya ɗaya, ina goge ta a tsumma tsakanin yaro da yaro. Mu ba ma sa aska a ruwan zafi, mun gaji cewa yana kashe kaifi. Na farko Yusufu ne ɗan mahauta, idonsa rawaya a lokacin, har Baba ya yi masa ba'a. Gambo ne na biyu, ni na ja shi gaba don in nuna ba na tsoro. Yusufu ya rasu a Gummi shekara uku kafin nan, da kumburin ciki. Manu, na uku a layin, shi ma haka ya tafi. A nasa cewa aka yi mayya ce ta kama shi, kuma ni na fara nuna tsohuwar da aka zarga da yatsa.

Na so in ce likita ƙarya yake. Na juya maganar ta kowane gefe har muka shigo Anka, ta ƙi zama ƙarya.

Washegari da hantsi na tarar da Hammadu tsugune a zaurenmu, ya kawo man shanu don a shafa wa maras lafiya. Na karɓa, na kasa duban idonsa.

A ɗaki Gambo na kwance a tabarma yana numfashi da ƙyar.

"Yaya," ya ce, "likita ya hwaɗi wanda yay yi mani wanga abu?"

Na ce, "Ba Hammadu ba ne."

"Ai na gaya maka." Ya yi murmushi, ya janye rigarsa daga kan cikin. "Ɗauko askarka ka ƙara sa mani ƙaho, ko na samu sauƙi. Hannunka kaɗai na yarda da shi."