Wadda Ta Ɗinka Tantin Rumawa

Horia direban bas ne a birnin Alba Iulia, amma ran Asabar sojan Rum na zamanin dā ne. Shi da abokansa sukan sa hular ƙarfe da jan zane, su yi fareti a tsohuwar ganuwa, jama'a na ɗaukar hoto. Matarsa Viorica ba ta taɓa hana shi ba. Gara wannan da gidan giya.

Fitinar ta faro ne a wani biki, da wata ƙungiyar baƙi ta yi musu dariya saboda tantinsu na tamfol ne. Horia ya dawo gida yana huci, ya rantse baɗi sai sun kwana a tantin fatar akuya irin na sojan dā. Ya bi majema ya jibgo fatu har ɗakin baya ya cika. Ya ɗinka biyu, basilla ta shige masa babban yatsa, ya naɗe shi da tsumma ya zauna yana nishi.

"Viorica, ke da kika yi aiki a masana'antar takalma, ɗan nuna mini mana."

Daga nunawa aiki ya zama nata. Duk tsawon sanyin nan tana bakin murhu, tana huda, tana jan zare mai kakin zuma, tana ninka baki kan baki don kada ruwa ya sami hanya. Gidan ya ɗauki warin kitse, har tuwon masararsu ɗanɗanon akuya yake. Yatsunta suka tsage, suka warke, suka sake tsagewa. Duk da haka ta so abin. Tun da aka rufe masana'antar ba ta yi wani aiki da ya fi ƙarfin faci ba.

Ranar biki aka kafa tantin a tsakiyar sansani, ruwan ƙasa, yana ƙyalli. Viorica ta sa rigarta ta zuwa coci ta nufe shi. Sabin, shugaban ƙungiyar su Horia, ya tare ta a bakin igiyar da aka kewaye wurin da ita.

"Uwargida, yi haƙuri. Ba a shiga da kayan zamani."

"Ni na ɗinka shi, Sabin."

"Wa bai sani ba? Amma kin taɓa jin mace a tantin soja? Sai dai baiwa." Ya yi 'yar dariya. "Af, to ai muna neman ɗaya. Ga riga can."

Ta hango Horia yana shafa fatar, yana gaya wa 'yan kallo irin wahalar da ya sha. Ita so take kawai ta ga tantin daga ciki, a tsaye. Ta karɓi rigar, wadda ba ta da maraba da buhu, ta sa.

A ciki akwai duhu da sanyi. Ta ɗaga kai ta bi kowane layin ɗinki da ido, ko ɗigon haske bai ratso ba. Ba ta gama kallo ba wani ya ja hannunta. Ashe lokacin wasan gwanjon bayi ya yi.

Aka ɗora ta kan akwati. Sabin ya ɗaga hannunta sama yana nuna wa taro. "Ku dubi hannu! Kamar ɓawon itace! Wannan ba ta san hutu ba. Wa zai taya? Kai soja, ba ka so?"

Horia ya zagaya ta yana taɓe baki, yadda suka saba yi don a yi dariya. "Wannan? Ai ta kwana biyu. Ba ku da sabuwa?"

Wuri ya kece da dariya. Yara na tafi. Viorica ta tsaya kan akwatin tana kallon takalmin mijinta, har aka sauke ta.

A mota, Horia sai zuba yake. "Kin ga yadda suka yi shiru, masu yi mana dariya? Ke ma kin burge, kin iya wasa. Sabin ya ce baɗi muna son na biyu, babba, na hafsa. Na ce masa an gama."

"Ka nemi sabuwa ta ɗinka maka."

"Haba, wasa ne fa! Ke ba ki san wasa ba?"

"Na sani. Na ji dariyar."

Bai yarda da gaske take ba, har ya sake sayo fatu. Suka yi wata da watanni a ɗakin baya ba wanda ya taɓa su, danshi ya shige su, suka yi furfura. Da warin ya ishi maƙwabta, shi da kansa ya loda su a amalanke ya kai juji. Viorica tana tsakar gida tana yankan kabeji lokacin da ya wuce. Ta janye kujerarta ta ba shi hanya.