Ba Ki Kunna Ba

Nas tana ɗinke tafin ƙafar yarinyar, amma yarinyar ko uffan ba ta ce ba. Fasasshiyar kwalba ta taka a ƙofar shagon ɗinkin uwarta, kafin su iso asibiti jini ya jiƙe mayafin da aka ɗaure ƙafar da shi.

"Wannan kam jaruma ce," in ji nas ɗin. Ta ɗago, ta ƙura mata ido. "Tsaya, ba Shagwaɓa ba ce? Ta cikin waya?"

Ita ce kuwa. Tana ƙarama uwar ta ɗauki bidiyonta tana kuka don an ƙwace mata almakashi, ta ɗora a shafinta na intanet don dangi su yi dariya, gari ya waye duniya ta san su. Daga nan kuka ya zama sana'ar gidan. A ɓoye mata takalmi, a ce an shanye mata alewa, a saita fitila, a kunna waya. Masu kallo kuwa ba sa ƙoshi. Kwana biyu babu sabo, sai zagi ya cika shafin, wai uwar ta fara girman kai. Keken ɗinkin ma ya koma wurin ɗora fitila.

Kawun yarinyar, ƙanin uwar, shi ke kula da shafin. Ya matso da waya a hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, wallahi wannan in ya hau sai ya doke na takalmin. Ciwon gaske ne fa."

"Mayar da ita aljihu."

Ya mayar yana gunaguni. Uwar ta sunkuya kan 'yarta. Gumi ya rufe goshin yarinyar, ta cije leɓe har ya fashe.

"Babu zafi ne, 'yar nan?"

"Akwai, Umma. Sosai."

"To me ya hana ki kuka?"

"Ba ki kunna ba. Kin ce in daina ɓata shi a banza."

Nas ɗin ta fara dariya, ta ga fuskar uwar, ta haɗiye. Uwar ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta tsani kanta. Ta zaro wayar daga aljihun ƙaninta, ta shiga shafin. Ya kama hannunta yana magiya, wai ta tuna masu talla, ta tuna wahalar da suka sha. Ta fizge, ta goge shafin gaba ɗaya, ta kifa wayar a kan gado.

"Shi ke nan, an daina," ta ce, ta rungume kan yarinyar. "Yi kukanki. Babu mai kallo."

Yarinyar ta dubi wayar, ta dubi kawunta, ta leƙa kusurwar ɗakin inda ya kamata fitila ta tsaya. Hawaye sun cika idonta, amma ta riƙe su da kyau, kamar yadda aka koya mata.

"Umma," ta ce a hankali, "to ina zan kalla?"