Bayan Mista Alvin

"Kar ki ɗaga bargon nan, Rochelle," in ji Mista Alvin. "Ba abin kallon mace ba ne."

Na riga na kama bakin bargon. Tun daga ƙofa wari ya tare ni. Warin fitsarin da ke cika barandar gidan tsofaffin na saba da shi, amma wannan daban ne, irin na naman da ya kwana a firijin da ya mutu.

"Ɗaga, yarinya," in ji Mista Lasko daga ɗaya gadon, tsohon da suke ɗaki ɗaya. "Kar ki biye wa wannan mai taurin kan. Babu mai juya shi. Na danna ƙararrawa har yatsana ya yi kanta."

"Wa ya sa da kai, tsohon banza?"

"Hancina ne ya sa da ni."

Mista Alvin Dubose maƙwabcina ne a birnin Toledo na Amurka, shinge ɗaya ya raba gidajenmu. Bas ɗin gari ya tuƙa har ya yi ritaya. Shekarar da mijina ya tafi ya bar ni da yara biyu, duk safiyar da ƙanƙara ta zuba sai in tarar an kwashe min ta ƙofar gida, in na yi godiya ya ce shi motsa jiki yake yi. Mutum ne mai tsafta har ta yi yawa, singileti ma sai ya goge shi. Da ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa Yvonne ta zo daga jihar Arizona mai nisa ta sa shi a gidan nan, don ita ma tana jinyar mijinta. Ni ke zuwa duk Lahadi bayan coci. Sai aka ce cutar gudawa ta ɓarke a gidan, aka rufe ƙofa ga baƙi makonni. In na buga waya, amsar ɗaya ce: "Yana nan lafiya ƙalau, yanzu ma barci yake."

Sai yau da aka buɗe ƙofa na samu shiga. Na mirgina shi a hankali. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ƙunzugun da aka ɗaura masa ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa, zanen gado ya manne da fatarsa. A ƙasan bayansa akwai rami, faɗinsa ya kai tafin hannuna, gefensa baƙi, cikinsa ruwan toka. Audugar da aka taɓa liƙa masa ta nutse a ciki.

Ya juya fuskarsa bango. "Na gaya miki."

Na fita baranda. Mai kula da tsofaffin guda ɗaya na gani, wata matashiya mai suna Deja, tana tura wata tsohuwa a keke da hannu ɗaya, ɗayan hannun rungume da zannuwa. Fitilun kira na ci a saman ƙofofi har ƙarshen barandar.

"Kin ga ciwon da ke bayan Mista Alvin kuwa?"

Ta tsaya, idonta ya kawo ruwa. "Na gani, ranki ya daɗe. Na faɗa wa nas, na faɗa a ofis. Ni kaɗai ce a ɓangaren nan tun safe. In na tsaya juya wannan, wancan ya faɗo daga gado. Ki gaya min wanda zan bari."

Na wuce ofis.

Misis Whitcomb, shugabar gidan, ta saurare ni tana murmushi, ta haɗa yatsunta a kan tebur. Ta ce fatar tsofaffi ba ta da ƙwari, ta ce likitansu zai zagayo cikin mako, ta ce suna sane.

"Yau za a kai shi asibiti," na ce.

"Ki yi haƙuri, ke me kike gare shi? Irin wannan shawara ta dangi ce."

"Dangin suna Arizona. Ni ce a nan."

A gabanta na ciro waya na kira motar asibiti. Murmushin ya tafi.

Da masu motar suka ɗaga shi, ɗaya daga cikinsu, ƙato mai gemu, ya leƙa bayansa, sannan ya rufe shi a hankali kamar jariri. Mista Lasko ya ɗago kai daga matashi.

"Kai direba! In ka samu wuri mai kyau ka aiko a ɗauke ni."

"Ba na ɗaukar fasinja mai surutu," in ji Mista Alvin, muryarsa da ƙyar take fita.

A asibiti likita ta ja ni gefe. Ta ce gyambon ya ci har ƙashi, gubarsa ta shiga jini. Ta ce irin wannan ba ya faruwa cikin kwana biyu, kuma mutumin da ake juyawa ana wankewa ba ya kaiwa haka. Za su yi ƙoƙari, amma in kira 'yarsa.

Yvonne ta iso washegari da jakarta a kafaɗa. Ta nace sai ta ga ciwon. Da nas ta buɗe mata, ta dafa bango ta zame ta zauna a ƙasa.

"Na zagaya gidan nan da ƙafata kafin in sa shi," ta ce. "Har da furanni a ƙofa, Rochelle. Har da fiyano a falo."

Zazzaɓi ya riƙe shi kwanaki. Wani lokacin ya gane mu, wani lokacin ya koma cikin bas ɗinsa, yana ce wa mutane su matsa baya su ba tsohuwa wuri. Ranar Alhamis da hantsi ya farka garau. Ya dubi rigar asibitin da ke jikinsa, ya dube ni.

"Sun wanke ni?"

"Sun wanke ka tas, Mista Alvin."

"Ina wari?"

"Ba ka yi."

"Kar ki yi min ƙarya, 'yar nan."

Na sunkuya na sa hancina a wuyansa. Sabulu na ji, da wani abu a ƙarƙashin sabulun. "Sabulu kawai," na ce.

Ya lumshe ido. Yvonne ta riƙe hannunsa mai lafiya tana kiran "Baba, Baba." Kafin la'asar ya cika.

Yvonne ta kai ƙara hukumar lafiya ta jiha, aka ce za a bincika. Ta ce ba za ta iya sake taka gidan nan ba, don haka ni na je kwaso kayansa bayan jana'iza. Na tarar an riga an zuba su a baƙar leda an ajiye bayan ƙofa. An tuɓe katifar, an fesa mata magani, ana jiran wani.

Mista Lasko ya bi ni da ido. Ya ƙara ramewa.

"Direba bai dawo ba."

"Bai dawo ba, Mista Lasko."

Ya gyaɗa kai, bai sake tambaya ba. Abincin ranarsa na kan teburin gado, ya huce, ba a taɓa ba. Yana ta fama da murfin wani ɗan kofin tuffa da aka niƙa, yatsunsa suna zamewa.

Na ajiye ledar, na jawo kujera. Na ɓare murfin, na ɗebo a cokalin roba. Ya buɗe baki tun kafin cokalin ya iso, idonsa na kan katifar da babu kowa a kai.