Dodon da Yake Jira

"Sake tambayata," in ji Kuramochi-san. "Kai ne Baturen da zai zo. Tsuke fuska mana, Shun-kun."

Na tsuke fuska. Maƙwabcina ne, bango kawai ya raba ɗakunanmu, a saman shagon gyaran keken da nake aiki a unguwar Nakano, a nan Japan. Tun farkon bazara likita ya sallamo shi gida da robar iska a hanci, kuma kowa a layinmu ya san ma'anar irin wannan sallama.

"Me ya sa a wasanninku na Japan ake tsayawa, kowa yana jiran a mare shi?" na ce, yadda ya koya mini.

Ya ɗaga yatsa. "Ni ba wasan Japan na yi ba. Wasa na yi." Sai tari ya sarƙe shi, na riƙe masa kofi har ya lafa.

Da ƙuruciyarsa ya yi wasan bidiyo na jarumi da dodanni, a wani ƙaramin kamfani da ya daɗe da rufewa. Da aka kai wasan baje koli a Amurka, yana tsaye a gefe ya ga mutanen can suna dariya. Nasu sunansa wasa kawai, namu kuwa sun manna masa harafin J a gaba, wai na Japan, kamar kifin jiya da aka ware gefe. Faɗan ya fi ba su dariya: ka buga, dodo ya buga, in ba ka taɓa komai ba ya tsaya yana kallonka har gobe.

"Ba ni na ƙirƙiro salon ba," ya taɓa ce mini. "Amma saboda ƙanena Noboru na zaɓe shi. Da rawar hannu aka haife shi. Duk wasan sauri, kafin ya danna an kashe shi. Shi ne na yi masa dodon da yake jira."

Ban da ni bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yanzu ga wani saurayi daga Ingila, Gareth, mai ɗaukar hira da tsofaffin masu yin wasa, zai zo ran Asabar. Amsar nan da muke bita ita kaɗai tsohon yake so ya bari a duniya.

Kullum da safe sai na manna kunne a bango. In na ji tari, sannan in iya cin shinkafata.

"Daina zare ido," in ji Ebihara-san, matar da ke da gidan. "Wannan mai taurin kan? Mutuwa ma sai ta jira layinta."

Ran Asabar ya cire robar, ya ɗaura lakataye, ya ce baƙo ba zai same shi kamar kifi a ƙugiya ba. Gareth ya buge goshi da ƙofa, ya cire takalmi, babban yatsansa ya leƙo ta hujin safa. Yaron kirki ne. Ya fito da tsohon kaset ɗin wasan, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Ya ce wannan wasan naka mai J a gaba, JRPG, shi ya raine shi," in ji Minori-san, mai fassara. "Ya ce kai gwani ne, Sensei," wato Malam.

A wurinmu in an yabe ka a gaban idonka, ƙasa kake yi da kanka. Ba ma tunani, haka jiki ya saba.

Kuramochi-san ya sunkuya. "A'a, a'a. Shirme ne na tsohon yayi. A yi haƙuri da nawarsa."

Ta fassara yadda ya faɗa. Gareth ya gyaɗa kai, ya yi wata magana.

"Ya ce ashe kai ma ka yarda salon jiran nan na Japan ya tsufa?"

Ga tambayar da muka yi ta bita! Na zuba masa ido. Yatsansa ya taso daga gwiwa, ya tsaya, ya koma. Baƙo ya keto teku, ya yabe ka, ta ina za ka ce masa ya yi kuskure?

"Wataƙila haka ne," ya ce.

Sai tarin ya taso, leɓensa ya yi shuɗi. Ebihara-san ta mayar masa da robar, ta sallami baƙin da sunkuye-sunkuye.

Na bi su har ƙasa. Maganar gidan mutum ba a kai wa bare. Amma a gaban shago, tsakanin tayoyi, bakina ya buɗe da kansa.

"Minori-san, ki yi haƙuri. Akwai saura."

Ni dama ba ni da saurin baki, tun a makaranta ake ce mini kunkuru. Na fara, na tsaya, na sake farawa. Gareth bai duba agogo ba, bai kunna kyamara ba. Ya jira har na kai ƙarshen labarin Noboru. Ya daɗe yana kallon kaset ɗin.

"Ya ce ko zai iya dawowa gobe da safe, ya ji daga bakinsa?" in ji Minori-san.

Da na hau na faɗa wa tsohon, sai ya harare ni.

"Wa ya aike ka, dogon baki?" Ya ja iska. "Me ya ce?"

"Gobe zai dawo."

"To kunna mini wasan, in tuna inda na tsaya. Ka tafi aikinka."

Da safe na manna kunne a bango. Ba tari. Kiɗan wasan kawai nake ji, siriri, yana zagayowa. Na kira Ebihara-san, ta zo da makulli, wannan karon ba ta yi ba'a ba.

Yana jingine da bango, lakatayen na wuyansa, madannin wasan a cinyarsa. Ta durƙusa ta rufe masa ido, ta haɗa tafukanta.

Muna nan muka ji takun Gareth a matakala. Ya sunkuyar da kai ya shigo, da sabuwar safa, ya tsaya cak. Babu wanda ya kashe talabijin ɗin. A ciki wani koren dodo mai ƙaho ɗaya yana lilo a hankali, hagu da dama, yana jira.