Fuskar Rabi

Inna Maimunat na matse tsummar wanka ta ga hasken waya a bakin ƙofa. Sumayya ce, 'yar ƙanwarta Rabi. Gawar Rabin ce ke kwance bisa tabarma an lulluɓe.

"Inna, Yaya Saifullah na kan waya daga Masar. Yac ce don Allah a nuna mishi huskar Mama."

"Hita da abin ga."

Duk Ƙofar Taramniya an san Inna Maimunat da wankan gawar mata, an kuma san ta da kafiya. Bara hoton gawar wata maƙwabciya ya zaga wayoyin unguwa, baki a buɗe, har mai kayan miya ya gani. Tun ranar ta rantse waya ba ta ƙara shiga ɗakin da take wanka, ko ta 'yar gwamna ce.

"Ɗanta na hwa, Inna. Kowa na yin haka yanzu. Shi kaɗai za ya gani."

"Kowa haka shika cewa. Rabi ko ga katin zaɓe sai da anka lallashe ta tab bari anka ɗauke ta hoto. Yau da ba ta iya cewa a'a za ku yi mata?"

Daga zaure aka aiko cewa liman ya iso, maza na jira. Sumayya ta tsaya tana kuka, ta ƙi fita. Cikin wayar ma ana jin kukan namiji, kuma wannan kukan ya karya wa Inna zuciya, don a bayanta ta goya yaron.

Ta goge hannu da zane.

"Kashe hoton, ki bar murya. Miƙo."

Ta kara wayar a kunne.

"Saifullahi, ni ta."

"Inna, shekara ukku ban gan ta ba. Sau guda kawai."

Inna ta ɗaga gefen mayafin ta duba. Ciwo ya cinye Rabi, kumatu sun zurma, sai ƙashi da fata. Ta mayar da mayafin.

"Randa kat tahi, wace huska tar raka ka da ita?"

Ya ce, "Dariya takai. Tana mini tsiya wai kar in dawo da Balarabiya."

"To ita za ka riƙe. Wagga da ag gabana tawa ta, ba ni ba kowa."

Ta miƙa wa Sumayya wayar, ta tura ƙofa, ta ce a kawo likkafani.