Sunan Yaya Ya Ƙi Goguwa

Shekara tara ina gyaran kwamfuta a ɗan shagona da ke ƙarƙashin bene, Yaya bai taɓa sa ƙafa ciki ba. Shi ma'aikacin babban kamfani ne, ni kuwa a bakinsa "mai kwance-kwance" nake, ko a gaban baƙi. Don haka ranar da ya shigo da kwamfuta a hammata, ya ja kujera ya zauna, daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Ya ce ta ofis ce aka bar masa, yana so in wanke ta tas, kada ko ɗigon sunansa ya rage, 'yarsa zai ba don karatu. Na ce ya dawo bayan awa biyu. Har da ɗaga kafaɗa na faɗa, don a raina yau ce ranar da Yaya zai yarda cewa sana'a gare ni.

Aikin da nake yi ido rufe ne. Na soka filash mai ɗauke da manhaja, na goge komai, na ɗora sabuwar manhaja, na haɗa ta da intanet. Allo ya ɗan yi juyi, sai ga tambarin kamfaninsu, an rubuta barka da zuwa, ga imel ɗin Yaya na aiki zaune daram ana neman kalmar sirri.

Na ɗauka ni na yi sakaci na bar wani ɓangare ban goge ba. Na sake, wannan karon na rushe ɓangarorin faifan ajiyar ɗaya bayan ɗaya har ya zama fili. Ina haɗa intanet, sunan ya dawo. Raina ya fara ɓaci. Na kwance ƙusoshi takwas, na zare faifan gaba ɗaya, na sa sabo fil daga kwali, wanda bai taɓa jin labarin Yaya ba. Minti arba'in ina zaune ina kallon lambobin ɗora manhaja na hawa a allo, gumi na bin bayana, fanka na kaɗa iska mai zafi. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo ya tambaya ko in kira masa mai ruƙiyya, na ce ya koma kan kekensa tun muna shaida juna. Kwamfutar ta gama, na haɗa intanet, ga Yaya nan dai yana jirana a allo kamar mai karɓar baƙi.

A nan ne kaina ya kawo wuta. Sunan ba a cikin kwamfutar yake ba. Kamfanin ne ya yi wa lambarta rajista a wajensa, duk sanda ta taɓa intanet sai ta koma ta gaida iyayen gidanta, su kuma su miƙo mata sunan mai riƙe da ita. Ko sau ɗari zan wanke, a banza, sai in su ne suka sake ta daga can.

Da Yaya ya dawo da la'asar na yi masa bayani dalla-dalla, na ce kira ɗaya zai yi wa sashen kwamfuta na ofishinsu, minti biyar an gama. Ya ce ba zai dami mutane a kan ƙaramin abu ba. Na ce ba wata hanya. Ya dubi ƙusoshin da ke baje a tebur, ya dube ni.

"Idan ta fi ƙarfinka ka faɗa kawai, ƙane. Ba abin kunya ba ne."

Ya ce zai zo gobe da safe ya ɗauki kayarsa, ya fita. Wallahi na ji zafin maganar nan har cikin ƙashina. Yini guda ina fama, ga bayani na gaskiya na ba shi, amma a wajensa duk kame-kame ne na wanda ya kasa.

Ina mayar da murfin ƙasa idona ya faɗa kan wata 'yar takarda da aka manna, mai lambar wayar sashen nasu. Mu masu gyara haka muka saba, in mai kaya bai gane ba sai mu tsallake shi mu yi magana da ɗan'uwanmu ma'aikaci, a kashe matsala ba surutu. Na buga. Wata mata ta ɗauka, na gabatar da kaina, na karanto mata lambar na'urar. Ta tambayi inda shagona yake, ni kuma da rawar jiki na kwatanta mata har da launin ƙofa. Na ji tana danne-danne, sannan ta ce:

"Malam, wanda ke riƙe da wannan kwamfutar wata huɗu ke nan da aka sallame shi. Mun rubuta masa sau uku ya dawo da ita. Kada ka ba kowa, gobe da safe za a zo tare da jami'in tsaro."

Ta kashe wayar. Sannan na kira Yaya, na faɗa masa abin da na yi, ban rage komai ba. Na zaci zai zage ni, na ma fi son ya zage ni ɗin. Sai na ji ƙarar motoci ta bayansa, alamar a bakin titi yake tsaye.

"Ko matata ba ta sani ba," ya ce a hankali. "Masu gyara nawa na wuce kafin in zo wajenka. Na ga kai ne ba za ka tona ni ba."

Ya tambaye ni ƙarfe nawa suka ce za su zo, na ce ba su faɗa ba. Ya ce to in buɗe shago da wuri, zai riga su zuwa, shi zai miƙa musu da hannunsa don kada a ce a wajena aka kama ta.